Gani ya kori ji, amma bai kori zunubi ba

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an karɓi baiko, sakataren ikilisiyarmu ya sanar cewa masu niyyar zuwa ziyarar Ƙasa Mai Tsarki su fara ba da sunayensu. Muna fitowa daga sujadar Hausa sai matan zumunta suka kewaye ni a bakin ƙofa, don sun san na taɓa zuwa. Wannan tana tambayar kuɗi, waccan tana tambayar sanyi. Sai wata ƙanwata cikin Ubangiji ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, da gaske ne in mutum ya shiga Kogin Urdun duk zunubinsa ya wanke?" Ban ba ta amsa a tsaye ba, don maganar ta fi ƙarfin bakin ƙofa. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ni shinkafa da wake nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yau fiye da shekara ashirin. Adashen shekara uku na zuba kafin na haɗa kuɗin tafiya, 'ya'yana suka cika mini. Mun tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, mu arba'in da 'yan kai, kafin yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023. Hukumar kula da maziyarta Kirista da gwamnatin tarayya ta kafa a 2007 da takwararta ta jihar Legas su ne hanyar da yawancinmu ke bi. A cikinmu akwai Yarbawa, akwai Ibo, mu masu jin Hausa kuwa 'yan kaɗan ne, daga Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa.

Ba zan hana kowa tafiya ba. Wanda Allah ya hore wa ya je, akwai albarka a ciki. Tun ina yarinya a makarantar Lahadi nake jin Tekun Galili, ina zaton irin tekunmu na Legas ne da ba a ganin ƙarshensa. Ashe tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa wajen kilomita 21, faɗinsa wajen 13, kaɗan ya ɗara tsawon gadar Third Mainland. Kana tsaye a wannan gaɓa kana hango duwatsun waccan. Da muka kai tsakiya aka kashe injin jirgin ruwan, aka yi tsit, fasto ya karanta Markus sura 4 inda Yesu ya tsawata wa iska. Muka ɗauki waƙa da Hausa, hawaye na zuba. A kusa da nan aka nuna mana wani tsohon jirgin kamun kifi na zamanin Yesu da aka tono daga laka a 1986, lokacin da fari ya sa ruwa ya ja baya. Tun daga ranar, in na buɗe Bishara ina ganin wuraren a idona. A Baitalami kuma ƙofar shiga majami'ar da aka gina a inda ake cewa an haifi Yesu ba ta kai ƙirjin babban mutum ba. Bishop da 'yar kasuwa, kowa sai ya sunkuya.

Amma a Kafarnahum jikina ya yi sanyi.

Nan ne garin da Yesu ya mai da gida bayan ya bar Nazarat. Nan ya warkar da surukar Bitrus. Nan aka buɗe rufin ɗaki aka zuro shanyayye a gabansa. Nan jarumin Roma ya roƙe shi saboda bawansa, nan kuma ya kira Matiyu daga wurin karɓar haraji. Mutanen garin ba labari aka ba su ba. Sun san muryarsa, sun san tafiyarsa, wataƙila wasu sun sayar masa da kifi. Yau in ka je, kufai ne: baƙaƙen duwatsu jere inda ɗakuna suke a da, ginshiƙan tsohuwar majami'a farare, da wani coci na zamani da aka ɗora a kan wurin da ake cewa gidan Bitrus ne. Muna tsaye a cikin kufan nan fasto ya buɗe Matiyu 11:20-24, inda Yesu ya tsawata wa garuruwan da ya yi yawancin mu'ujizansa a ciki, don ba su tuba ba. Ya ambaci Kafarnahum da suna, ya ce da a Saduma aka yi abin da aka yi a cikinta, da Saduma tana nan har yau.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, su sun gani, ganin da ni da ku ba za mu taɓa yi ba a wannan duniya, amma zuciyarsu ba ta motsa ba. Na tsaya da waya a hannu ina shirin ɗaukar hoto, sai na ji kamar an tambaye ni: su da suka ga Ubangiji da kansa ganin bai cece su ba, ke da kika zo ganin duwatsu fa?

A Urushalima ma na ga abin da ya ƙara mini wannan tunani. Majami'ar da ake cewa a nan aka gicciye shi aka kuma binne shi, ɗarikoki shida ne ke raba ta, kowa da kusurwarsa da lokacinsa. Akwai wani tsani jingine a ƙarƙashin taga tun ƙarni na 18, ba a ɗauke shi ba don sai duka sun yarda ake taɓa abu. Makullin babbar ƙofar kuwa a hannun iyalan Musulmi yake, ɗaruruwan shekaru ke nan, su ke buɗewa su ke rufewa. Kusa da kabarin da babu kowa a ciki, 'ya'yan Uba ɗaya suna zaman doya da manja. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Yanzu bari in amsa tambayar ƙanwata. Kogin Urdun, a wurin da aka kai mu kusa da Yariko, ɗan siriri ne, ruwansa jajaja da laka, mutumin da ke ɗaya gaɓar a ƙasar Jodan kana jin maganarsa. Nan na fahimci fushin Na'aman a 2 Sarakuna sura 5, da ya ce Abana da Farfar, kogunan Dimashƙu, sun fi dukan ruwayen Isra'ila. A ido gaskiyarsa ce. Abin da ya warkar da kuturtarsa shi ne ya sauke girman kai ya yi abin da Allah ya faɗa ta bakin Elisha. Na ga 'yan'uwa suna cika jarkoki, ni ma na cika gora biyu. Ba laifi ba ne ka kawo tsaraba. Amma na ga gidan da aka rataye kwalbar ruwan Urdun a bakin ƙofa don korar mayu, na ga mai shafa wa yaro man zaitun na Urushalima alhali zazzaɓi na cinsa, ba a kai shi asibiti ba. 'Yan'uwa, wannan laya ce aka sauya wa suna. Kakanninmu sun ƙone layu da suka karɓi Bishara, kada mu sayo sababbi da dala. Jinin Yesu ne ke tsarkake mu daga dukan zunubi, haka 1 Yahaya 1:7 ta ce, ba ta ambaci wani kogi ba.

Abin da na kawo daga tafiyar nan da gaske, a Yariko na samo shi. Motarmu ta tsaya kusa da wani babban itacen ɓaure da ake nuna wa baƙi don tunawa da Zakka. Minti goma kawai aka ba mu. Wata 'yar'uwa ta karanta Luka 19, ta kai aya ta 8 inda Zakka ya ce rabin dukiyarsa zai ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Yesu bai ce ceto ya shigo gidan nan don Zakka ya hau itace ya gan shi ba. Sai bayan wannan maganar ya faɗa.

Ina da derika biyu a rumfata, wato gwangwanin da muke awo da shi. Ɗaya cikakkiya, ɗayar kuma an buga mata gindi ya shige ciki. In mai saye ya ƙi ƙara kuɗi, sai in ɗauko ta biyun, in tula masa har da gyara, ya tafi yana godiya. Kowa a layinmu ya san wannan, muna kiransa dabarar kasuwa. Na yi shekaru ina jagorar addu'a a zumunta sanye da zanin ikilisiya, ina cin Jibin Ubangiji, ina sane da Karin Magana 11:1 da ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Da ribar wannan derikar na zuba wani kaso na adashen da ya kai ni Urushalima. A gindin ɓauren nan na ji ƙafata ta kasa ɗaukata. Sauran suna hoto, ni na koma cikin mota na rufe fuska da mayafi.

Da muka dawo aka tarye mu da kiɗa, aka ba mu takardar shaida, wasu suka fara liƙa JP, wato Jerusalem Pilgrim, alamar wanda ya ziyarci Urushalima, a bayan sunansu. Ban ga laifin harafin ba, amma yara na kallonmu. In mai JP tana zagin kishiyar layi a kasuwa, ko mai JP yana riƙe albashin maigadinsa wata uku, me muke koya musu game da Urushalima?

Ranar Litinin ta farko na fasa derikar da dutse a bayan rumfa. Wannan bai yi wuya ba. Abin da ya yi wuya shi ne kiran masu sayena na kullum ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu. Wata mai abincin sayarwa daga Ketu ta zage ni tas, kuma tana da gaskiya. Wani Alhaji maƙwabcin rumfata, da na gaya masa, ya yi shiru, can ya ce, "Maman yara, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ninki huɗu ya fi ƙarfina, na dai lissafa abin da zan iya, ina biya da awo, kaɗan-kaɗan. Riba ta ragu, gaskiya ne, amma ina barci.

Ku da ba ku da halin zuwa, kada ranku ya ɓaci. Yesu ya gaya wa matar Samariya a bakin rijiya cewa lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba, sai cikin ruhu da gaskiya. Tsohuwar da ke durƙusawa a ɗaki ɗaya a Agege, da wanda ya taɓa dutsen Golgota, kunne ɗaya ke jinsu.

Ku da za ku ba da suna kuwa, kafin ku je yin fasfo ku duba rumfa, ku duba ofis, ku duba wanda kuka daina gaisawa da shi a coci. Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka a gaban bagade, ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Ku tafi da takalmi marar tsini don akwai hawa da gangara, ku tafi da rigar sanyi, ku riƙe Littafi Mai Tsarki a hannu fiye da waya.

Ina roƙon addu'arku a kan abu ɗaya. Akwai wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu da ta yi shekaru tana sayen wake a wurina, ta tashi daga unguwarsu kafin in dawo, an ce ta koma wajen Ikorodu. Kuɗinta na nan cikin ambulan a jakata, kullum da shi nake zuwa kasuwa. Ku taya ni roƙo Allah ya haɗa mu tun muna da rai.