Ga Mai Yi Wa Dokokin Aiki Dariya Alhali Hotonsa Ne a Ciki

Ban kira sunan kowa ba, kuma ba zan kira ba. Amma akwai wani bawan Allah da ya miƙe a gaban jama'a wata bakwai da suka wuce, ya ce abin da na kawo wa taro tatsuniya ce da barkwancin Turawa, shi kuwa aiki ya sani. Laifina kawai na ce aikin da ke gabanmu zai ci wata tara da mutum biyar, na kuma kafa hujja da wasu dokoki masu ban dariya da masu gudanar da ayyuka suka daɗe suna faɗa wa juna. Shi ya ce wata uku ya isa. Aka tafa masa, aka cire aikin daga hannuna aka damƙa masa. Na tattara takarduna na zauna.

Yau muna cikin wata na bakwai, kuma aikin wata ukun bai ga hanya ba.

Gaskiya ne, dokokin nan da raha aka rubuta su. Sai dai waɗanda suka rubuta su ba 'yan kallo ba ne, mutane ne da aiki ya gasa, suka ga abu ɗaya yana maimaita kansa har suka sa masa suna. Wanda ya ji rahar ya tsaya a nan bai ji komai ba.

Ɗauki Fred Brooks. Shi ya jagoranci gina babbar manhajar kwamfutocin kamfanin IBM a shekarun 1960, kuma a 1975 ya fitar da abin da ya koya: aikin manhaja da ya makara, in ka ƙara masa mutane, ƙara makara zai yi. Misalin da aka fi tunawa da shi shi ne ciki wata tara yake ɗauka, ko mata nawa ka tara. A nan su wane suka fi ƙyaƙyata dariya ranar nan. To, ga lissafin da ke ƙarƙashin dariyar. Mutum biyar in kowa zai yi magana da kowa, hanyoyin magana goma ne a tsakaninsu. In suka zama goma, hanyoyin sun koma 45. In suka kai ashirin, 190 ke nan. Kuma sabon zuwa ba ya faɗowa da sanin aiki, sai tsohon hannu ya ajiye nasa ya zauna koya masa. Da wata na huɗu ya kama, aiki bai ko kai rabi ba, me mutumin namu ya yi? Ya je ya roƙo mutum goma sha biyar aka ƙara masa. Biyar ɗin farko da suka san ciki da wajen aikin suka koma malaman makaranta, daga safe har yamma suna amsa tambaya ɗaya sau goma. Ɗaya daga cikinsu ta gaya mini cewa a wannan watan gaba ɗaya, kwana uku kawai ta samu ta taɓa nata aikin. Wannan ita ce tatsuniyar, ranka ya daɗe.

Na san abin da zai ce, don ya saba faɗa: ai hannu da yawa alheri ne. Alheri ne in aikin yana rabuwa, kamar kwasar bulo daga mota. Aikin tunani da kowane sashe ya rataya a kan ɗan'uwansa ba haka yake ba, kuma wanda bai iya bambance biyun ba bai kamata a ba shi jadawali ya riƙe ba.

Sai maganar taro. Wani masanin tarihi ɗan Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya rubuta a 1955 cewa aiki yana kumbura har ya cike duk lokacin da aka ba shi. Ba da baki kawai ya faɗa ba, ya kawo alƙaluman ma'aikatar sojan ruwan ƙasarsu: daga 1914 zuwa 1928 manyan jiragen yaƙi sun ragu daga 62 zuwa 20, amma jami'an ofis sun ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Jirage na raguwa, masu rubuta takarda a kan jirage na ƙaruwa. Shi ne kuma ya ƙirƙiro misalin kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin minti biyu da rabi, don babu wanda ya fahimce ta balle ya yi gardama, sannan ya kwashe minti 45 yana jayayya kan rumfar ajiye kekuna, don kowa ya san keke. Ina da shaidu a kan wani zama na awa biyu da aka yi ana muhawara kan launin bangon rahoto, shuɗi ko kore. A ranar, batun ko tsohon tsarin ajiye bayanai zai karɓi sabon, wanda shi ne ƙashin bayan aikin baki ɗaya, an ɗage shi zuwa zama na gaba. An yi zama na gaba. An yi na gaban na gaba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rahoton mako-mako. Tun wata na biyar ake rubuta wa manya cewa aiki ya kai kashi 90 cikin 100. Mako ya zagayo, kashi 90. Wani ya zagayo, kashi 92, don kada a ce ba a motsi. Masu rubuta manhaja suna da tsohuwar raha a kan wannan, wadda ake jingina wa Tom Cargill na ɗakin binciken Bell a Amurka: kashi 90 na farko yana cin kashi 90 na lokaci, goman da ya rage kuma ya sake cin wani kashi 90. Lissafin ya zarce ɗari, kuma nan ne gaskiyar take. Ana fara aiki da sassa masu sauƙi, a tura masu wuya gaba, sai a wayi gari abin da ya rage ƙarami ne a takarda amma shi ne dutsen. Mai gaskiya yakan ce wa manya ga inda muka maƙale. Wani kuwa sai ya shafa wa rahoto kore, ya fito yana murmushi, ya koma ciki ya rufe ƙofa yana yi wa yara tsawa.

Kada a ɗauka cewa nake kuskuren ƙiyasi abin kunya ne. Manya sun yi shi. Babban zauren kiɗa da wasan kwaikwayo na birnin Sidni a Ostareliya an fara gininsa a 1959 da zaton za a gama a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7. Sai 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102, kuma daga cikin dalilan har da fara gini tun ba a kammala zane ba. Sabon filin jirgin saman Balin a Jamus an sa ran buɗe shi a 2011, bai buɗu ba sai 2020. Wani masani ɗan Amurka, Douglas Hofstadter, ya dunƙule wannan a 1979: aiki kullum yana wuce lokacin da ka zata, ko da ka yi lissafi da wannan dokar kanta. Saboda haka ne mai hankali yake barin sarari a jadawalinsa, yake kuma tambayar waɗanda za su yi aikin da hannunsu kafin ya buɗe baki ya yanka rana. Kuskure daban, yanka rana don a tafa maka daban.

Akwai dokar da ban ambata ba ranar taron, don kunya da ganin girma. Wani malami ɗan Kanada, Laurence Peter, ya kawo ta a 1969: a ma'aikata ana ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi kujerar da ta fi ƙarfinsa, a nan kuma zai tsaya. Ni shaida ne, mutumin nan ya iya tsara jawabi, ya iya shawo kan mai kuɗi, kuma da an bar shi a wannan fagen da kowa ya amfana. Riƙon aiki wani abu ne daban. Yana buƙatar ka iya cewa ban sani ba, ka iya cewa na yi kuskure, ka iya tsayawa gaban manya ka kare na ƙasa da kai.

Wannan na ƙarshen shi ya sa na yi rubutun nan. Da kujera ce damuwata da na yi magana tun wata bakwai da suka wuce. Amma labari ya iso mini cewa ana shirya takarda da za ta ɗora makarar a kan yara biyu, wai ba su da himma. Yaran nan ni na koya musu aiki. Na san dare nawa suka raba a ofis, na san wanda ya soke hutunsa. Ba su suka ce wata uku ba. Ba su suka roƙo mutum goma sha biyar ba. Ba su suka zaɓi launin bangon rahoto ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka duk wanda ya karanta ya ji zuciyarsa ta buga, ya san inda takardar take, ya kuma san yadda ake yaga ta.

Ƙiyasin da na gabatar ranar nan yana nan a ajiye da kwanan wata, da sunayen duk waɗanda aka aika wa. Ranar miƙa aiki ta uku da aka yanka Litinin ce mai zuwa. In aka kira sunan yaran nan a zaman, zan nemi izini in karanta shi.