Bai yi maka ba daban, ba shi da kyau daban

Wai jiya a gurup ɗinmu wani ya ɗora Baldur's Gate 3, ya buga minti 40, ya dawo yana cewa gem ɗin shirme ne saboda faɗan bi-da-bi ne, ka kai hari ka tsaya ka jira abokin gaba ya kai nasa. Har yanzu raina a ɓace yake wallahi.

Malam, ka ce bai yi maka ba, babu mai ja da kai. Amma kar ka ce ba shi da kyau. Wanda baya shan fura ba shi da hurumin cewa ta lalace, sai wanda ya kurɓa ya ji ta yi tsami. Kamfanin Larian da suka yi gem ɗin nan sun sake shi tun 2020 mutane na gwadawa suna gyarawa har ya fito cikakke a 2023, ya kuma ci gem ɗin shekara. Je ka sansanin dodannin goblin da ke cikin gem ɗin kawai ka gani, kana iya shiga da daɗin baki, kana iya zuba musu guba a giyarsu, kana iya tura mutum ya faɗa rami, ko ka jefa ɗan lido mai fuska 20 ya ba ka 1 komai ya wargaje, kuma labarin ya ci gaba da tafiya a haka. Wannan aiki ne na mutanen da suka zauna suka yi tunani.

Ni kaina gem ɗin Elden Ring bai karɓe ni ba. Margit, wani babban abokin gaba a cikinsa, ya kashe ni har na ajiye fad ɗin buga gem na fita waje shan iska, ban kuma koma ba. Amma ban taɓa cewa kamfanin FromSoftware da suka yi shi ba su iya aiki ba, ni ne ba ni da wannan haƙurin.

Masu cewa ai komai ra'ayi ne, ku bar wannan zancen. Lokacin da Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 yana daskarewa a PS4 har Sony ta cire shi daga shagonta, wannan ra'ayi ne? Wannan fura ce ta yi tsami, kowa ya ji.

Abin da ma ya fi ba ni tausayi, yaron nan data ta sama da GB 100 ya ƙona kafin Baldur's Gate 3 ɗin ya sauka, kwana uku yana bin wuta. Don Allah wa ke da shi a hard disk a cikinku? Akwai ƙanina da ke ta roƙona tun wancan watan.