Mai zanen gini da injina da ke yawan tafiya, kar tambarin i7 ya ruɗe ka

Duk wanda zai sayi laftof don aikin manhajojin zane irin AutoCAD, Revit ko SolidWorks, tambayar da yake fara yi wa mai shago ita ce ko i7 ce. A ganina wannan tambayar ce ta fi jawo wa mutane asara, domin i7, wato wani rukunin furosesar Intel (ƙwaƙwalwar na'ura), iri-iri ce. Abin dubawa shi ne harafin da ke ƙarshen lambar furosesa. Mai harafin U an ƙera ta ne ta ci wuta kaɗan, wajen wat 15, don aikin ofis da daɗewar batir. Mai H tana cin wajen wat 45, mai HX kuma 55 zuwa sama. Sau da yawa i5 mai H takan bar i7 mai U a baya idan aiki ya yi nauyi, domin ta U da ta ɗan yi gudu sai ta ɗau zafi ta ja baya.

Amma tun kafin maganar ƙarfe, wace manhaja kake ci da ita? Revit da SolidWorks a Windows kaɗai suke aiki. MacBook na da kyau, batirinta ba a magana, kuma AutoCAD da Fusion da SketchUp da Archicad duk suna tafiya a kanta. Sai dai tun da Apple ya koma furosesarsa ta M, babu sauran Boot Camp, wato hanyar da ake ɗora Windows a kan Mac, kuma gudanar da Revit ta cikin Parallels, manhajar da ke buɗe Windows a cikin Mac, dabara ce, ba abin da za ka jingina kwangilar mutane da shi ba ne. Haka ma sababbin laftof masu furosesar Snapdragon: a bar su tukuna. Wanda kuma aikinsa bai wuce zanen fulan na shimfiɗe a AutoCAD ba, kada ya wahalar da aljihunsa da kafaɗarsa, matsakaiciyar na'ura ta ishe shi.

Yawancin aikin zane, jan layi, gyara bango, sake lissafin siffar wani ƙarfe, a kan ƙwaya ɗaya (core) daga cikin ƙwayoyin furosesa yake hawa. Saboda haka saurin ƙwaya ɗaya ya fi yawan ƙwayoyi amfani. Yawansu sai wajen renda, wato fitar da hoton gini kamar an ɗauke shi da kyamara.

Katin girafik ne wurin da ake yawan cutar mai saye. Laftof biyu za su ɗauki kati mai suna ɗaya, RTX 4060, amma kamfanin NVIDIA ya bar wa masu ƙera su damar ba katin wuta daga wat 35 har 115. Siririyar laftof mai kyan gani za ta ba shi kaɗan don ba ta da hanyar fitar da zafi, mai kauri ta ba shi da yawa, kuma bambancin aikinsu ba ƙarami ba ne. A kwali ba kasafai ake rubutawa ba. Ka buɗe NVIDIA Control Panel, ka shiga bayanan na'ura, za ka ga iyakar wutar katin. Sannan akwai katunan ƙwararru irin RTX A2000 da RTX 2000 Ada, da ake sa wa ThinkPad P, Dell Precision da HP ZBook. Ba lallai su fi na wasan gem gudu ba. Abin da kake biya shi ne direban, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da masu manhajar zane suka gwada suka amince da shi. Ga mai SolidWorks wannan na da tasiri, don RealView ma, mai nuna zane kamar na gaske, ba ya buɗewa a hukumance sai da irin wannan kati. Mai Revit da manhajar renda ta Lumion kuwa, katin gem mai ma'ajiyar 8GB ya fi masa araha, ya kuma biya buƙata. Mai 4GB a yau, da zarar an cika fili da itatuwa da motoci, sai ya shaƙe.

To ga inda tafiya ke shigowa. Nauyin da ake rubutawa na laftof ce kaɗai, ban da caja. Manyan na'urori masu HX sukan kusa kilo 3, cajarsu ta wat 230 ko fiye ita ma ta kusa kilo guda. Ka haɗa da linzami da waya da takardu, ka tuna kamfanonin jirage da yawa kilo 7 suke bari a jakar hannu. Ni dai shawarata inci 16, furosesa mai H, nauyi wajen kilo 2. Wannan ce tsaka-tsakin da ba za ta karya maka baya ba, ba kuma za ta ba ka kunya gaban mai aiki ba.

Kada kowa ya yaudare ka da awannin batir. Da ka zare caja, na'urar da kanta take rage wa kati da furosesa wuta, kuma duk da haka aiki mai nauyi kan cinye batirin cikin awa biyu ko ƙasa. Dalilin da ya sa ba ka ganin batirin da ya haura 99.9Wh shi ne dokar jirgin sama: abin da ya wuce 100Wh sai da izinin kamfanin jirgi. Fawabank ma haka, kuma a jakar hannu ake riƙe shi, ba a kayan da ake aunawa ba. Mai 27,000mAh shi ne daidai bakin iyakar. Ka nemi laftof da ke karɓar caji ta USB-C, ko da wat 100 ne. Ba zai ba ta cikakken ƙarfi ba, amma ƙaramar caja ko fawabank za su riƙe ka a mota ko a fili, babbar cajar kuma ta jira a masauki.

RAM 16GB na iya farawa, 32GB ce kwanciyar hankali ga mai Revit. Ka tambaya ko a manne take da allon uwa (motherboard) ko ana iya cirewa, domin siraran na'urori da yawa yadda ka saye su haka za su mutu. Ma'ajiyar fayiloli, wato SSD, ta zama mai saurin nan ta NVMe, 1TB.

Zafi fa? Furosesa na fara rage gudu da ta doshi digiri 95 zuwa 100. A watan Afrilu, inda inuwa ma ke haura 40, na'urar da aka gwada a ɗaki mai sanyi ba za ta yi abin da ka gani a bidiyo ba. Ƙurar hunturu kuma na toshe ƙarfen da fanka ke hura wa iska, kamar tsumma a bakin rariya. Ka zaɓi mai fanka biyu wadda murfin ƙasanta ke buɗuwa da sukuddireba, a riƙa share ta. Kar ka ɗora ta kan katifar otal, ka ɗaga bayanta ko da da littafi ne. A wutar janareta kuma ka sa abin kare hawan wuta tsakaninta da soket.

Sikirin ya zama marar ƙyalli, mai haske wajen nit 400 (nit ma'aunin hasken sikirin ne) idan kana buɗe ta a waje. 1920 a 1200 ko 2560 a 1600 ya wadatar. 4K a inci 16 batir kawai yake sha. Linzami mai taya a tsakiya dole ne, da shi ake jan zane da juya shi.

Masu sayen ta hannu, a nan ake tafka kuskure. Tsofaffin Precision da ZBook sun cika kasuwa, suna da ƙarko, amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Kafin ka biya, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batir na asali da na yanzu, ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna na'ura, ka tabbatar babu kalmar sirri a kai, ka kuma buɗe babban fayil ɗinka ka yi ta juya shi na minti 20 kana kallon zafi a manhajar HWiNFO. Mai shagon da ya hana ka wannan gwajin, ka wuce gaba.

Sai lasisi. Na Autodesk yana son ka shiga intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, na SolidWorks da ake rabawa a ofis kuma ana iya aronsa a kan laftof ɗinka har zuwa kwana 30. Daren da za ka tashi zuwa inda sabis ba shi da tabbas, ka shiga asusunka, ka sauke fayilolinka, ka kashe intanet ka buɗe manhajar ka ga ko ta tashi.