"Ta hau kar mana, kamar kowa"

Jiya Laraba, ana idar da sallar asuba ƙanena ya kai Inna filin jirgin Agadas. Tsohuwa ce da ta haura 70, ƙafafu a kumbure, likita ya rubuta takarda a kawo ta Yamai a duba mata ƙoda. Ragon da nake kiwo don Layya na sayar, na haɗa da rabin albashi, na yanki tike tun sati biyu da suka wuce. Ta zauna kan kujerar ƙarfe da ledar magungunanta a cinya har aka kira azahar. Ba jirgi, ba wanda ya fito ya ce musu uffan. Wani fasinja ne ya raɗa wa ƙanena cewa su koma gida, yau ba ya zuwa.

Ina jin haka na bar aiki na tafi biron kamfanin da na sayi tiken. Na tarar da wani yaro a gishe, wato tagar sayar da tike, a haife na haife shi, yana waya yana ta ƙyalƙyala dariya da Hausa tsantsa. Na yi sallama. Shiru. Na sake. Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ko ɗago kai bai yi ba. Na tsaya da takarda a hannu har ya gama hirarsa, ya gyara agogo, ya kurɓi shayi.

Na ce, "Ɗana, sannu da aiki. Jirgin Agadas na yau fa? Mahaifiyata na can tun asuba."

Sai ya amsa mini da Faransanci, wai an soke. Na ce me ya sa ba a kira mu ba, alhali kun karɓi lambata ranar da kuka karɓi kuɗina? Ya ce rezo, wai layin waya ne ba kyau. Rezon da yanzun nan ya gama hira da shi! Na ce to yaushe ne na gaba? Ya ɗaga kafaɗa. Na ce kuɗina fa? Ya turo mini wata takarda da bayan yatsa, kamar mai korar ƙuda, wai in cike in dawo wata mai zuwa.

Na haɗiye abin da ya taso mini na ce, "Don girman Allah, ba ta da lafiya, gobe Alhamis ne randebunta da likita."

A nan ne ya tuna yana jin Hausa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ta hau kar mana, kamar kowa."

Kar, wato bas! Yaron nan ya taɓa wuce Tawa kuwa? Wajen kilomita 950 ne tsakanin Agadas da Yamai. Daga Tawa zuwa Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, mutum na iya daurewa. Amma wanda ya bi ta Abalak ya san inda gudro ya ƙare direba ya faɗa daji, ƙura ta cika baki, ƙugu ya riƙe. Mai lafiya ma kwana biyu yake yi yana gasa jiki in ya sauka. A nan kake so in sa matar da sai an kama ta take miƙewa?

Ba yaron kaɗai nake jin haushi ba, ya ga wurin kwana ne. Ya san ba mu da wani zaɓi, ya san ba wanda zai tambaye shi. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, hanyar ma da sunansa ake kiranta. Manyan motoci sun yi shekaru suna sauko da arzikin Arewa ta kanta har ta ruɓe, gwamnati bayan gwamnati tana zuwa da alkawarin gyara. Da Amurkawa suka buƙaci wurin tashin jiragensu marasa matuƙi, nan bakin Agadas suka zuba sama da dalar Amurka miliyan 100, aiki ya tashi, suka kwashe nasu suka tafi a 2024. Da za a yi taron Tarayyar Afirka a 2019, filin jirgin Yamai cikin ɗan lokaci ya koma sabo fil. Ashe ana iyawa in an so. Sai in maganar talakan Arewa ce ake cewa a yi haƙuri.

Filin Agadas sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, jagoran Abzinawa da ya rasu a haɗarin jirgi a 1995. Akwai lokacin da jirage ke tasowa daga Faransa kai tsaye su sauke masu yawon buɗe ido a wurin. Yau ɗan ƙasa da kuɗinsa ba zai iya rantsewa zai sauka Yamai ranar da aka rubuta masa ba. Manya kuwa ba su san ana yi ba, in za su je bikin makiyaya na Ingal jirginsu daban ne. Mu ma muna da laifi: falon nan cike yake jiya, kowa ya ji abin da aka faɗa mini, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya, kada a jefa takardarsa ƙasa.

Randebun Inna ya wuce. Na ci bashi na yankar mata kujera biyu a kar ɗin Asabar don ta miƙe ƙafa, ƙanena zai zauna gefenta da buta da bargo. Daren jiya ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, tana ba ni haƙuri wai ta sa na yi asarar kuɗi.