Fataken Asshur da jakunansu, shekara 4,000 da suka wuce

Jama'a, yadda ake koya mana tarihi yana damuna. Wane ya ci wane da yaƙi, wane ya hau gadon sarauta, wane ya yi shekara kaza ya rasu. Sai ka ce ba a taɓa yin kasuwa a duniya ba. Ni kuwa a ganina, mai jaki da mangala ya fi mai doki da mashi haɗa al'ummomi, kuma abin da masu tonon kayan tarihi ke fitowa da shi daga ƙasa yana goyon bayan wannan magana.

Ku dubi Kultepe, wani tudu kusa da birnin Kayseri a tsakiyar Turkiyya, inda tsohon birnin Kanesh yake. Tun 1948 masana na Turkiyya ke tono a wurin, Tahsin Ozguc ne ya fara jagorantar aikin, kuma an samo allunan yumɓu masu rubutu sama da 20,000. Yawancinsu a gidajen 'yan kasuwa aka same su, a wata unguwa da ke gindin tudun. Wasiƙu ne, da takardun bashi, da lissafin kaya, da shari'un gado. Masu su baƙi ne daga Asshur, birnin da ke bakin kogin Dijla a Iraƙi ta yau, kuma sun yi harkarsu wajen shekara 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duk wanda ya san zangon Hausawa a Kumasi ko Salaga zai gane irin unguwar: baƙi sun zauna da izinin sarkin gari, suna biyan haraji, suna da shugabanninsu masu raba musu gardama.

Tsakanin Asshur da Kanesh akwai kimanin kilomita 1,000, tafiyar mako 6 da jaki, ta cikin duwatsu. Kaya iri biyu ayari ke ɗauka: kuza da tufafi. Kuzar ma ba ta Asshur ba ce, daga gabas take zuwa ta ɓangaren Iran, su sayenta suke su wuce da ita. Mutanen Anatoliya, wato yankin da Kanesh yake, na da jan ƙarfe, amma sai an gauraya shi da kuza ake samun tagulla mai ƙarfin da za a ƙera makami ko kayan aiki. Don haka idan kuza ta isa can, kuɗinta kan ninka. In an sauke kaya sai a sayar har da yawancin jakunan, a juyo gida da azurfa da zinariya, waɗanda ba su da nauyin ɗauka.

Wanda ba ya son biyan kuɗin fadar sarki kuma yakan bi wata ƙaramar hanya ta bayan gari. Fasa-ƙwauri ma yana cikin allunan.

Amma wurin da ya fi taɓa ni shi ne wasiƙun mata. Mazan na can Kanesh shekara da shekaru, wasu har sun yi aure na biyu a can, matan kuwa suna Asshur suna riƙe da gida, suna saƙa tufafin da ake kaiwa. Akwai wata mai suna Lamassi, matar wani babban ɗan kasuwa Pushu-ken. Mijin ya riƙa aiko mata da ƙorafi cewa saƙarta ba ta yi ba. Ta mayar masa da amsa a fusace, tana tambayarsa wane ne wannan da ke zaune a gidansa yana kushe tufafin da take aikowa, alhali ita tana ta wahala ne don kowane ayari ya kawo wa gidan azurfa. Wata kuma, Taram-Kubi, ta rubuta wa mijinta cewa ya tafi bai bar mata azurfa ba, ga yunwa ta shigo gari. Allon nan ɗan ƙarami ne, bai cika tafin hannu ba, an danna masa rubutu da tsinken kara, an rufe shi cikin wani ɓawon yumɓu, an murza hatimi a kai don kada kowa ya buɗe a hanya. Waɗannan matan suna da kuɗinsu na kansu, suna bin mazansu bashin kayan da suka saƙa, suna kuma neman a biya su. Wane littafin yaƙe-yaƙe ne zai nuna maka wannan?

Har haɗa jari suna yi. Mutane da dama su zuba zinariya a hannun ɗan kasuwa guda, ya juya ta tsawon shekaru 10 ko fiye, a rubuta rabon riba a gaban shaidu. Amana ce ke tafiyar da harkar, amma ba su yarda su bar amanar a baki kawai ba.

Kada wani ya ce wannan labarin wasu ne can nesa. A Durɓi Takusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina, an tona wasu manyan kaburbura a 1907, aka sake tonawa a 1992. An samu kuɗin wuri, wanda asalinsa daga tekun Indiya yake, da duwatsun ado, da zinariya, da kwanon tagulla wanda masana ke danganta ƙirarsa da Gabas ta Tsakiya. Ba su kai na Kanesh tsufa ba ko kusa, shekarunsu ɗaruruwa ne, amma wani ne ya ɗauko su ya ratsa Sahara da su. Sunansa bai zo mana ba, domin babu allon da ya bari.

Shi ya sa nake jin takaici in na ji an watsar da tsofaffin takardun wani attajiri bayan rasuwarsa, wasiƙun ajami da littattafan bashi na zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, ko gara ta cinye su a cikin adaka. In akwai irinsu a gidanku, don Allah ku ɗauki hotonsu shafi-shafi, ku nemi sashen tarihi na jami'ar da ke kusa da ku a adana su.