Sharar Birmingham da sharar Kano: wa za ka riƙe?

A watan Maris na 2025, ana tsakiyar azumi, masu kwashe shara a birnin Birmingham na Ingila suka tafi yajin aikin sai baba ta gani. Kafin watan ya ƙare, majalisar birnin da kanta ta ayyana halin gaggawa, ta ce sharar da ke jibge a tituna ta kai kimanin tan 17,000. Baƙaƙen ledoji sun yi tsibi a bakin hanya, ɓeraye suna shawagi da rana tsaka, unguwannin talakawa irin su Small Heath da Sparkbrook su suka fi ji a jiki, domin mai hali yana iya ɗaukar mota ya kai tasa juji, ko ya biya ɗan kasuwa ya kwashe masa. Hotunan sun isa gida, kuma na ga yadda aka yi ta yawo da su a Facebook ana cewa ashe Turai ma haka take, to a daina zagin namu.

Ina zaune a wannan birnin, kuma ban yarda da wannan lissafin ba. Sharar dai iri ɗaya ce, warinta ma ɗaya. Abin da ya biyo bayanta ne ya bambanta.

Bari in fara da gaskiyar da 'yan uwana mazauna waje ba su cika son faɗa ba: majalisar Birmingham ta gaza, gazawa mai muni. A watan Satumba na 2023 ta sanar da cewa kuɗin shigarta ba zai iya biyan abin da ke kanta ba, wato a aikace ta tsiyace. Dalilai biyu suka fi fitowa fili. Na farko, bashin da ya taru saboda shekarun da aka yi ana biyan ma'aikata mata ƙasa da takwarorinsu maza, wanda aka ƙiyasta zai iya kaiwa fam miliyan 760. Na biyu, wani sabon tsarin kwamfuta na lissafin kuɗi da aka saya ya ƙi aiki, gyaransa ya ci ninkin ba ninkin abin da aka tsara. Gwamnatin tsakiya ta turo kwamishinoni su sa ido a kan baitulmalin birnin, aka rage ayyuka, aka sa kadarori a kasuwa, sannan aka ƙara wa mazauna haraji da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka sake ƙara kusan 7.5 a 2025. Ka biya da tsada, kuma a bar maka shara a ƙofar gida. Babu wani abin koyi a nan.

To amma dubi yadda mutane suka yi. Kowane gida a Ingila yana biyan harajin majalisa, an raba gidaje aji-aji daga A zuwa H bisa ƙimarsu, takardar tana zuwa da sunanka da adireshinka, yawanci a biya ta wata-wata har sau goma daga Afrilu zuwa Janairu. Wanda yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25, ɗalibai an yafe musu. Saboda kuɗin yana fita daga aljihu duk wata, mutum yana jin zafinsa, kuma ya san inda ya tafi. Birnin yana da kansiloli 101, kowa yana iya sanin nasa, lambar wayarsa da ranar da yake zama ya saurari jama'a duk suna intanet. Doka ta tilasta wa majalisa wallafa duk kashe kuɗin da ya haura fam 500, kuma duk shekara akwai kwanakin aiki 30 da kowane mazauni zai iya neman a buɗe masa littattafan lissafi. Shi ya sa tsohuwa mai karɓar fansho take iya tsare kansila ta ce masa na biya, ina aikina, shi kuma ya tsaya yana kame-kame, domin ya san ƙuri'arta tana iya kayar da shi.

Yanzu mu koma gida. Kundin tsarin mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabarta, magudanan ruwa, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Wato duk abin da ya fi kusa da rayuwar talaka. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Tambayi mutum goma a Fagge ko Gwale sunan kansilansu, ka ga nawa za su amsa. Idan kwata ta toshe da leda, ruwa ya shiga gidaje da damina, gwamna ake ambata, ko a ce hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ba ta zo ba, ko kuma a jira Asabar ɗin ƙarshen wata a hana zirga-zirga na 'yan sa'o'i, a fito da dattin kwata a tara a bakin titi, ruwan sama ya mayar da shi inda ya fito. Ciyaman da kansila ba sa ma cikin zancen.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin ƙaramar hukuma daga Abuja yake zuwa, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya ake raba wa ƙananan hukumomi 774, kuma shekara da shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha. Kujerar ita ma daga sama take zuwa. A zaɓen Janairun 2021 APC ta lashe duka kujeru 44 na Kano, a zaɓen Oktoban 2024 NNPP ta lashe duka 44. Jam'iyya ta canza, sakamako bai canza ba, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha. Wanda gwamna ya ba kujera, gwamna kuma yake sakar wa kuɗi, don me zai ji tsoron mai shayin unguwa?

Na yi murna da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ya haramta naɗa kantomomin riƙo a maimakon zaɓaɓɓu. Amma ko da an aiwatar da shi yadda aka rubuta, kuma kowa ya ga irin jan ƙafar da aka yi ta yi, abin da zai canza shi ne hanyar da kuɗin ke bi. Ciyaman da ya samu miliyoyi kai tsaye alhali jama'arsa ba su da ikon cire shi, ƙaramin gwamna kawai aka ƙirƙira. Masu cewa 'yancin ƙananan hukumomi ne maganin komai suna mantawa da cewa Birmingham tana da nata 'yancin, kuma da shi ta jefa kanta rami.

Na san abin da za a ce mini: kana can kana cin fam, za ka zo ka ce a ɗora wa talaka haraji? Kuma tarihi yana bayan mai wannan maganar. Iyayenmu ba su manta da harajin zamanin En'e ba, da yadda ake ɗaure magidanci a rana, ko mutum ya gudu ya bar garinsu saboda ya kasa biya. Lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, mutane sun ji kamar an sauke musu dutse daga ka, kuma sun yi gaskiya. Ba na kiran a dawo da wancan.

Abin da nake cewa shi ne talakan Kano yana biya tun tuni. Yana biyan yaro mai baro ya kwashe masa shara, yaron kuma ya je ya juye ta a kwatar bayan layi. Yana biyan mai ruwa kowace safiya. Yana ba da kuɗin 'yan sintiri, yana shiga karo-karon gyaran taransufoma da na yashe kwata. Mai tebur a kasuwa yana yankar tikiti, ɗan adaidaita sahu ma haka. A tara wannan a wata, a gwada da abin da mutum yake samu, ba ƙaramin kaso ba ne. Yana biya ne a warwatse, wani ba rasit, wani da rasit ɗin da ba wanda zai iya bin sawunsa, don haka ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce ga haƙƙina.

Saboda haka da za a tambaye ni, ba da sabon haraji zan fara ba. Kowace ƙaramar hukuma ta manna a bangon sakatariya, ta kuma karanta a rediyo da Hausa, nawa ya shigo mata a wata, nawa ta tara a kasuwa da tasha, nawa ta kashe kuma a kan me. Alƙaluman rabon Abuja dama ana wallafa su, ɓangaren kashewar ne yake cikin duhu. Kowane kansila ya ware rana ɗaya a wata ya zauna a makarantar firamaren mazaɓarsa, mai unguwa da limami suna nan, mata ma a ba su nasu lokacin, a rubuta koke a kuma karanta na watan jiya a ji wanne aka yi. Wannan ba ya buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, ba ya buƙatar kwangila. Zaɓe shi ne mai wuyar, domin muddin gwamna ne yake naɗa hukumar zaɓen jiha, za a ci gaba da samun 44 bisa 44, kuma ko a karɓe aikin daga hannunta ko a sauya yadda ake naɗa ta, duka suna buƙatar majalisun jihohi su amince, su kuwa kowa ya san wanda suke sauraro.

Mu ma mazauna waje muna da namu laifin a ciki. Mukan tara kuɗi mu haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, mu sa a yi mana hoto, alhali ko sau ɗaya ba mu taɓa rubuta wa sakatariya takarda mun tambayi ina kuɗin ruwan da ke cikin kasafinta ya shiga ba. Rijiyar sadaka ce mai gudana, Allah ya ba da lada, a ci gaba da yi. Amma ƙungiyar unguwa da ta iya tara miliyoyi ta WhatsApp, tana iya ɗaukar lauya ko akanta guda ya nemi kasafin ƙaramar hukumarta na bana, ya fassara shi da Hausa, a raba wa mutane a ƙofar masallacin Juma'a.