Yadda Na Yi wa Bel ɗin Jirgin Kawu Maganin Kuka

Duk wanda ya san masuntan da ke bakin madatsar ruwa ta Goronyo ya san cewa mafi yawansu da filafili da gora suke tuƙa kwalekwale, waɗanda Allah ya hore wa kuma su rataya injin Yamaha a bayan jirgi, su ja igiya ya tashi, ba ruwansu da wani bel, domin abin da ke samar da 'yar wutar irin wannan injin a ƙarƙashin murfinsa yake. Kawuna kuwa, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa son bin hanyar da kowa ya bi ba. Tun bayan ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar jami'a a Kwalkwalawa, kusa da garin Sakkwato, har mutane suka koma tsallakawa da jirage, ya ƙudurta cewa sai ya mallaki babban jirgi mai inji a cikinsa. Ya samo ƙaramin injin dizal na wata tsohuwar mota, bakanike da maƙeri suka haɗa kai suka dasa shi a tsakiyar jirgin katako, aka haɗa masa batir da altaneta da wata babbar fitila ta aikin dare. Fambel, wato bel ɗin roba, guda ɗaya ne yake zagaye fuli uku, wato faya-fayan ƙarfe masu rami a gefe: na injin kansa, da na altaneta mai cajin batir, da na famfon ruwa mai sanyaya injin.

Ni malamin makaranta ne a cikin garin Sakkwato, kimiyya nake koyarwa, kuma a danginmu idan aka ce wani abu ya gagara, ni ake kira, ko da kuwa rubuta takardar asibiti ne ko duba saƙon banki. Da hutu ya zo na tafi gaida Kawu, sai na tarar kullum da aka tayar da injin nan, wani irin ƙara mai tsinin gaske yake fitowa daga gefensa, ya daɗe yana yi kafin ya lafa, idan an taka mai kuma ya sake tashi. Kawu ya ce bel ne yake kuka, kuma yana da niyyar dubawa idan ya samu sarari. Ɗansa, wanda yake taubashina kuma shi ne yaron jirgin, ya ce tun da ga masu ilimi sun zo daga birni, ai magana ta ƙare. Da wasa ya faɗa, ni kuma na ɗauke ta da muhimmanci, domin ba a ƙalubalantar mutum a gaban kawunsa ya yi shiru.

Na zauna na yi tunani irin na masana. Ƙofar ajinmu ta taɓa damun mu da ƙara, muka ɗiga mata mai ta yi shiru. Keken ɗinkin maiɗakina idan ya fara ƙara, mai ake ba shi. Kuma ni da bakina nake gaya wa ɗalibai kowace shekara cewa mai yana rage gogayya tsakanin abubuwa biyu. Saboda haka da Kawu da ɗansa suka tafi sallar la'asar a masallaci, ni kuma na riga na yi tawa, sai na ɗauko galan ɗin baƙin mai da ke ƙarƙashin benci, na tsiyaya wa bel ɗin tun daga sama har ƙasa, na shafa da tsumma domin kowane ɓangare ya samu rabonsa, ban yi rowa ba. Da suka dawo aka murɗa makulli, injin ya tashi lafiya lau, babu ƙara ko kaɗan. Kawu ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, "Malam, mi kay yi mai?" Na ce, "Kawu, sirrin boko ne." Ya ce Allah ya yi albarka, ni kuma na karɓi addu'ar da hannu biyu.

Bayan magariba muka shiga ruwa domin duba kalli, wato ragar kamun kifi, da mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi, da suka kafa can nesa. Ina zaune kusa da injin, ina ba taubashina labarin yadda ilimi yake sauƙaƙa wa talaka rayuwa, sai na lura wata 'yar jar fitila mai hoton batir tana ƙiftawa a jikin allon da aka kafa makullin. Na tambaya, taubashina ya ce tana yin haka idan altaneta ba ta caji, amma tun da injiniya yana cikin jirgi, wataƙila gaisuwa take yi. Ba a jima ba babbar fitilar ta fara yin ja-ja, sannan wani wari na ƙarfe mai zafi ya taso, tururi ya fara fita. Kawu ya yi wuf ya kashe injin, ya haska tocila, ya kai yatsa ya shafo bel ɗin, ya kai hanci ya sansana. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaya cikin murya mai sanyi, "Wa yaz zuba mai ga bel ɗin ga?" Mu uku ne a cikin jirgin, kuma biyu daga cikinmu suna masallaci a lokacin da abin ya faru, don haka binciken bai ɗauki lokaci ba.

A nan tsakiyar ruwa Kawu, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya karanta mini darasin da ba ya cikin manhajarmu. Ya ce bel da kamu yake aiki, gefensa biyu ne suke cije bangon ramin fuli su juya shi, kuma kukan da yake yi alama ce ta cewa ya saki yana zamewa, ko ya tsufa gefensa ya yi sulɓi yana ƙyalli. Maganin wanda ya saki shi ne a ɗaure shi, maganin wanda ya tsufa kuma a canza shi. Ni kuwa na zo na ƙara masa santsi, fulin injin yana ta juyawa, bel yana zaune yana hutawa, altaneta ba ta caji, famfon ruwa ba ya tura ruwa, fitila kuma tana ta shan batir. Har yau ina kan bakana cewa aikin da aka ba ni na yi shi: an ce kuka ne matsala, kuma babu wanda zai rantse cewa ya sake jin kuka a daren nan. Da injin ya huce aka murɗa makulli, sai ya yi ƙas-ƙas sau biyu ya yi shiru shi ma.

Na sha karanta cewa an gama gina madatsar Goronyo a kan kogin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, na kuma sha gaya wa ɗalibai cewa babba ce, amma ban san girmanta ba sai da aka miƙo mini filafili. Jirgin da aka ƙera domin inji ba ya jin maganar filafili, ga nauyin injin, ga jiƙaƙƙen kalli, ga tarwaɗa da karfasa suna ta fal-fal a ƙafafuna, ga sauro ya samu baƙo daga birni. Taubashina yana tuƙi yana roƙona in ɗiga wa kafaɗarsa baƙin mai domin ta fara ƙara. Mun isa gaɓa lokacin da ladan yake kiran assalatu.

Hukuncin da Kawu ya yanke shi ne in koma Sakkwato in sayo sabon bel da kuɗina, domin robar da ta sha mai takan kumbura ta yi laushi, wanki ba ya mayar da ita yadda take. Ya ce in tafi da tsohon domin a gwada. Na dubi baƙin bel ɗin nan yana ɗigar mai, na dubi farar shaddata, na ga ba za su yi tafiya a mota ɗaya ba. Lambar da ake bugawa a bayansa kuwa ta riga ta goge. Babu igiya kusa, don haka na shiga ɗaki na zare mazagin wandona, na zagaya shi a jikin bel ɗin, na ƙulla ƙulli a daidai inda ya haɗu, na mayar da shi cikin wando, ina jin daɗin cewa ma'aunin da ke ɗaure a ƙugun mutum ba ya ɓata a hanya.

Abin da ban hango ba shi ne yadda za a fito da ma'aunin a bainar jama'a. A shagon kayan gyaran mota, mai shagon ya tambaye ni lamba, na ce babu. Ya ce ina tsohon, na ce yana Goronyo. Ya ce to da me zai gane, na ce ya ɗan juya baya. Haka na tsaya a lungun shago, hannu ɗaya yana riƙe da wando, ɗaya yana miƙa mazagi, ga makanikai sun cika wurin suna jiran a sallame su, ga kuma wani matashi da ya ce, "Malam, ina wuni," wanda na tabbata na taɓa koyar da shi. Mai shagon, Allah ya saka masa, bai yi dariya a fili ba. Ya shimfiɗa mazagin a kan tef ya auna, sannan ya ce wannan tsawo ne kawai, ina faɗi? Ya nuna mini cewa bel mai harafin A faɗin bayansa milimita 13 ne, mai harafin B milimita 17, akwai kuma siriri na milimita 10 da ake sa wa ƙananan motoci da yawa, lambar da ke bin harafin kuma tsawon cikinsa ce a inci. Ya ƙara da cewa tsohon bel ya riga ya miƙe, ni kuma ta waje na auna, saboda haka sai an rage. Na nuna masa faɗin da ɗan yatsana, ya ce yatsu ba ɗaya ba ne. Daga ƙarshe na sayi siriri da mai harafin A, kowanne a tsawon da ya ƙiyasta, na mayar da mazagi da taimakon wani tsinke, na fita ban waiwaya ba.

Kawu ya ɗora siririn a ramin fuli, ya ga ya nutse har ya taɓa ƙasan ramin, ya ajiye shi gefe ya ce wannan ba zai kama komai ba, domin bel ɗin kirki a gefensa yake zama, bayansa ya yi daidai da bakin fuli, ƙasansa bai taɓa gindin rami ba. Mai harafin A ya zauna daram. Kafin a sa shi, aka ba ni omo da tsumma da sanfefa, na wanke fuli ukun nan tas, na kankare tsatsar da danshi ya haifar a cikin ramukansu, wadda Kawu ya ce ita ce take cinye bel ta mayar da shi baƙar ƙura a gaban inji. Batirin kuma an kai shi caji wajen wani ɗan riwaya, wato mai gyaran wutar mota, a cikin garin Goronyo.

Da aka zo sakawa, na ɗauko sukundireba zan ɓanƙaro bel ɗin ya hau da ƙarfi, taubashina ya ƙwace ya ce haka ake tsinka zaren da ke cikinsa tun bai fara aiki ba. Ya ɗauki sufana ya sassauta noti biyu, na ƙasa wanda altaneta ke lilo a kansa da na sama mai tafiya a cikin dogon rami, ya tura altanetar ciki, bel ya shiga ba gardama. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin ya tabbatar suna kan layi ɗaya. Saura ɗaurewa, kuma a nan na ga damar dawo da martabata. Tun da sakin bel ne asalin fitinar, sai na zura gora a bayan altaneta na danna da dukkan ƙarfina, na ce ya ɗaure notin, bel ya miƙe ƙam kamar tsirkiyar gurmi, har idan ka taɓa shi sai ya yi amo. Kawu ya zo ya danna da babban yatsa a tsakiyar tazarar da ta fi tsawo, bai motsa ba. Ya ce, "Malam, jiya ka kashe min bel, yau kuma boris kake nema." Ya bayyana cewa ɗaurin da ya wuce kima yana jan sandar altaneta da ta famfon ruwa gefe guda har boris ɗinsu ya lalace, kuma kuɗin waɗannan ya ninka na bel nesa ba kusa ba. Aka sassauta har sai da yatsa ya iya danna shi ya lotsa kamar santimita ɗaya.

Ɗan riwayan da ya kawo batirin ya ɗora mitarsa: kafin a tayar da inji ta nuna volt 12.6, da aka tayar ta haura 14 da ɗan kaɗan, ya ce haka ake so, duk abin da ya faɗa tsakanin 13.8 da 14.4 alama ce ta altaneta tana aikinta. Jar fitilar ta mutu, ruwa yana zagayawa. Kawu ya sa siririn bel ɗin a leda ya ce in tafi da shi gida, wataƙila wandona zai buƙace shi, sannan ya umarce ni da in aiko da wani mai harafin A na ajiya, tare da sufana biyu da za su riƙa kwana a cikin jirgin.

Washegari da yamma muka sake shiga ruwa, an ba ni wuri can a goshin jirgi tare da ƙwaryar kwarfe ruwa. Sabon bel yakan ɗan miƙe bayan ya yi aikin wasu sa'o'i, sai an sake ɗaure shi, amma ni ba a gaya mini ba. Muna cikin dawowa sai na ji ɗan siririn kuka ya taso daga wajen injin, na ajiye ƙwarya na yunƙura domin in ba da shawara. Kawu ya kashe injin ya miƙa hannu ya ɗauki sufana, ya ce, "Malam, zauna abinka, mun gode." Taubashina kuwa bai ce komai ba, sai ya jawo galan ɗin baƙin mai ya zauna a kansa har muka iso gaɓa.